Alat ɗin bogi

Jiya bayan La'asar wani ya shigo shagona a Kantin Kwari, ya sha shadda sai ƙamshi yake. Ya zaɓi atamfa turmi huɗu, ko ragi bai nema ba. Ya ce, "Alhaji, na tura, duba wayarka." Saƙo kuwa ya shigo, da sunan banki da komai. Har yaro ya fara ɗaure kaya, sai hankalina ya ƙi kwanciya. Na buɗe manhajar banki, ko kwabo bai ƙaru ba. Ashe saƙon tes da hoton rasit duk ana iya haɗa na ƙarya. Na ce mu jira kuɗin su sauka. Wai zai ɗauko abu a mota. Har yanzu muna jiransa, ni da atamfata.