Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Na Kori Ɗan Aike

A makon jiya na tsaya inda na sayi firiza ta biyu, cinikin fura da nono ya kankama a Aboabo, unguwarmu a Kumasi ta ƙasar Ghana. Kuɗin adashina sun kai sidi miliyan 6, kuma ba zan ɓoye muku ba, kaina ya fara girma. Ran Lahadin godiyar kaka a coci nakan fita gaba da rawa, in ɗaga ambulan ɗin baikona yadda kowa zai gani.

Sai 2007 ta zo. Ruwa ya ja baya a madatsar Akosombo, rabon wuta ya tsananta, Kumasi ta kwana ta tashi cikin duhu. Nonon da na saro ya dinga lalacewa, bokiti bayan bokiti ina tuttulawa a kwata da asuba don kada maƙwabta su gani. A watan Yuli kuma aka canja kuɗi, tsohuwar sidi 10,000 ta koma sidi 1. Rediyo na ta cewa daraja ba ta canja ba, gaskiya ne kuwa, amma da na ƙirga abin da ya rage mini na ga sidi 40 a tafin hannuna, sai da gwiwata ta yi sanyi.

Wata yamma Hajiyar da muke katanga ɗaya ta aiko jikanta da rabin buhun shinkafa da kuɗi ƙulle a bakin gyale. Na ce ya mayar, mun gode, ba mu rasa komai ba. Alhali tukunya ba ta hau murhu ba tun safe.

Surukata na zaune kan tabarma tana tsince wake. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "'Yata, jiya da dare na ji kina kuka kina roƙon Ubangiji abincin yini. Ya aiko, kin kori ɗan aiken don bai zo ta ƙofar da kike so ba."

Na ce, "Inna, ni da nake bayarwa?"

Ta ce, "Da wa ya ba ki abin bayarwar?" Ta tuna mini da addu'ar sarki Dawuda a 1 Tarihi 29 cikin Littafi Mai Tsarki, lokacin da jama'a suka tara dukiya don ginin Haikali, shi da yake sarki ya shaida cewa daga hannun Allah suka karɓa suka mayar masa.

Maganar ta soke ni. Shekaru ina cewa "na gode Allah" da baki, a zuci kuwa kaina nake yi wa godiya.

Bayan magariba na yafa gyale na shiga gidan Hajiya, na durƙusa har ƙasa. Ta kama hannuna ta ce, "Tashi, ai maƙwabci ɗan'uwa ne." Ni da kaina na ɗauko buhun a ka, na bi ta tsakiyar layi, kowa na kallo.

Abin da na yi da kuɗin bakin gyalen, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.