Kafin ka ɗaura wa a-kori-kura tirela

Duk yaron da ya zo koyon mota a hannuna, in ya ga an maƙala wa Hilux tirela, tambayarsa ɗaya ce: "Oga, za ta iya ja?" Za ta ja mana. Injin dizal in ka ba shi giya ta ɗaya, zai tayar da kayan da ya ninka nauyin motar, ko gezau. Shi ya sa yake yaudarar mutane, ni ma kuma ya daɗe yana yaudarata. Abin da ya kamata ka tambaya, ƙanena, shi ne ko za ta iya tsayawa da kayan, kuma ko za ta riƙe hanya in babbar mota ta wuce ta da gudu.

Mu fara da lissafi, tunda nan na fara ɓata. Kamfanin da ya ƙera mota yana ba da adadi biyu na abin da za ta ja. Tirelar da ba ta da birkin kanta, iyakarta kilo 750 ne, har da nauyin ƙarfenta. Mai birki kuwa, wasu sababbin Hilux na dizal suna kaiwa kilo 3,500, tsofaffin ba su kai haka ba. To, dubi abin da muke ja a nan. Yawanci tirela ce da mai walda ya haɗa da tayoyin wata matacciyar mota, ba birki, ba danja. Lokacin da nake yi wa wani ɗan kwangila tuƙi, tankin ruwa mai cin lita 2,000 nake ja zuwa wurin gini a kan irin wannan tirelar. Lita guda ta ruwa kilo guda ce, wato tan 2 ke nan tun ba a sa nauyin tanki da na tirelar ba. Na kusa ninka iyakar sau uku, ina ta yabon motar wai tana da ƙarfi. Birkin da aka yi don tsayar da mota ɗaya nake sa wa aikin mota biyu.

Na san kuna kallon bidiyon Amurka a waya, inda Ford F-350 ko Ram 3500 ke jan tirelar shanu ko ta tarakta, wasu har sama da tan 15. Gaskiya ne suna ja. Amma duba da kyau ka ga inda aka maƙala tirelar: a cikin bodi ne, daidai saman tayoyin baya, don nauyin ya sauka a kan tayoyin kai tsaye. Kowace tayar tirelar tana da birkin lantarki da direba ke sarrafawa daga cikin mota, injin kuma yana da na'urar da ke toshe hayaƙi ta rage gudu a gangara. Hilux ɗinka ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai dai in an sa mata daga baya.

Yanzu zancen lodi, wanda a nan ne na fi shan wuya. Da na ga bayan motar ya zauna in an ɗora kaya, sai tausayin sifirin ya kama ni, na ce wa 'yan lodi su ja buhunan taki can bayan tirela. Motar ta miƙe tsaf, har na ji daɗi. A cikin gari ba abin da ya faru, don ba a gudu. Da na hau babban titi na ɗan taka, wata tanka ta wuce ni, iskarta ta bugi tirelar. Na hango ta a madubin dama ta leƙo, ta ɓace, ta ɓullo a na hagu, kowane zuwa ya fi na baya faɗi. Sitiyari ya yi sakayau a hannuna, bayan motar ya fara bin tirelar. Na taka birki da ƙarfi, abin ya ƙara lalacewa, sai a cikin gonar mutane muka tsaya, buhuna sun watse, yaron motata yana ta salati. Allah ne ya kiyaye babu mai tahowa.

Dalilin ba wani ɓoyayye ba ne. In nauyi ya koma bayan tayoyin tirela, hancinta yana ɗaga bayan motar maimakon ya danne shi, tayoyin baya su rasa riƙon ƙasa, tirelar ta riƙa lilo. Ƙa'idar ita ce wajen kashi 60 cikin 100 na kayan ya zauna gaban tayoyin tirela, ta yadda kashi 10 zuwa 15 na dukkan nauyin zai sauka a kan maƙalar, wato ƙarfen da ke haɗa tirela da mota. Tirela mai tan 2 ke nan tana danna bayan motarka da kilo 200 zuwa 300. In ka ga yaro guda ya ɗaga hancin tirela mai lodi da hannu ɗaya, a sauke a sake lodin. Haka kuma in ya yi yawa har gaban motar ya ɗaga, fitila tana haska saman bishiya, sitiyari da birkin gaba sun rage aiki. Kada ka manta wannan nauyin na hanci yana cikin abin da motar ke ɗauka, wanda bai wuce kusan tan 1 ba. In ka cika bodi da siminti, leburori suka hau kai, babu sauran wurin da tirela za ta danna.

In lilon ya taso maka a hanya, ɗage ƙafa daga totur a hankali, riƙe sitiyari a miƙe, kada ka bi tirelar da gyara, kada ka danna birki. Gudun zai sauka, lilon ya mutu da kansa. Faɗa da baki ba wuya, amma ƙafa kan tafi birki kafin kwanya ta yi magana, shi ya sa nake so ka riƙa maimaita shi a ranka tun kafin ranar. In ka tsaya kuma, gyara lodi, don abin da ya jawo shi yana nan.

Tankin ruwa yana da nasa halin. Na taɓa zaton rage ruwan zuwa rabi sauƙi ne ga mota. Ashe rabin tanki ya fi cikakke haɗari: ka taka birki, ruwan ya tafi gaba ya tunkuɗe ka bayan ka ɗauka ka tsaya, ka sha kwana, ya kwanta gefe guda. In tankin ba shi da shinge a ciki, ko ka cika shi maƙil ko ka tafi da shi ba komai.

Wanda ya taɓa saukowa daga Jos ta Hawan Kibo ya san inda ake gane direba. Ni na sauko shi da janareto a baya, ina cikin giya ta huɗu, ƙafata a kan birki tun daga sama. Can sai ƙauri ya cika motar, birkin ya yi laushi, ina takawa yana nutsewa. Zafi ne ya ci shi. Man birki yana shan danshi in ya tsufa, kuma in ya tafasa sai ka taka iska. Da kyar na sauko da giya ɗaya bayan ɗaya har na samu gefe na tsaya. Giyar da za ka hau tudu da ita, da ita za ka sauko, kuma tun a sama ake saka ta. Bar injin ya yi ta kuka, aikinsa yake yi. Birki kuma taka shi sosai na ɗan lokaci, gudu ya ragu, ka sake shi ya sha iska. Ka tuna in gudu ya ninka biyu, tazarar tsayawa ninkawa huɗu take yi, balle da kaya a baya.

Maƙalar kanta a jikin ƙarfen gindin mota ake ɗaure ta da manyan notoci. Wadda aka liƙa a bamba da walda, ranar da ta ga dama za ta tafi da bambar. Ƙwallon maƙala, wanda bakin tirela ke zama a kansa, shi ma girma-girma ne: na Turai milimita 50, na Amurka akwai mai inci 2 da wanda bai kai ba da wanda ya fi. Tunda kayanmu na gwanjo ne daga ko'ina, sai ka ga baki babba a kan ƙaramin ƙwallo, ya zauna kamar lafiya, rami guda ya fitar da shi. Bayan ka kulle, sa jak ka ɗaga hancin tirelar ka ga ko zai ɗago da bayan motar. Sarƙa biyu kuma a gicciye su a ƙarƙashin hancin, don in ya kuɓuce ya faɗa kansu, kada ya soki kwalta.

Tayar tirela ita ce marainiyar tayoyi, duk wadda aka cire daga mota can ake kai ta. Duba lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT a gefenta: 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Ka sa mai faci ya auna iska da safe kafin taya ta yi zafi. In kun yi 'yar tafiya, tsaya ka kai bayan hannunka kusa da tsakiyar kowace ƙafa. Wadda ta fi sauran zafi, boris ɗinta na neman giris. Waigi kuma ya zauna a mota kullum, kada a tsaya neman dutse a kan tudu.

Saura mai kaya. Zai zo ya dafa kafaɗarka ya ce, "Direba, ƙara buhu goma kawai, ai tafiyar ba nisa." Buhu goma na taki kilo 500 ne. A da kunya nake ji in ce a'a, kada a ce ni rago ne ko a ba wani aikin. Yanzu cewa nake, "Alhaji, ka yi haƙuri, sai dai mu yi sawu biyu." Wani zai ɓata rai ya yi maganar kuɗin mai. Sai in buɗe littafin motar in nuna masa adadin, in ce in ya yarda a ƙara, to ya shigo gaba mu tafi tare.