Daga Zariya Zuwa Kigali Kallon Wasan Ƙarshe na Ƙwallon Kwando

Da na gaya wa Hajiya cewa Ruwanda za ni, sai ta ajiye carbinta ta dube ni. "Ba can ne aka yi ta yanka mutane ba? Me ka ajiye a can?" Na ce mata ƙwallon kwando zan je kallo, kuma da ɗan yayana za mu tafi. Ta girgiza kai ta ce, "Kai dai har furfura ta fito ba ka rabu da ƙwallon nan ba. Allah ya kiyaye hanya." Gaskiyarta. Tun muna samari a Samaru nake zuwa filin kwando na Jami'ar Ahmadu Bello, zamanin da Koci Oliver Johnson, Ba'amurken nan da kowa ke kira OBJ, yake tara yara yana koya musu. Ban zama ɗan wasa ba, tsawona bai kai ba, amma son abin ya zauna mini.

Abin da ya tashe ni a watan Mayun 2024 shi ne ƙungiyar kwando ta Rivers Hoopers ta Fatakwal. Gasar BAL, wadda hukumar NBA ta Amurka da FIBA, hukumar kwando ta duniya, suka haɗa hannu suka kafa, tun 2021 ake buga ta da ƙungiyoyi 12 daga sassan Afirka, kuma kafin wannan shekarar babu ƙungiyar Najeriya da ta taɓa wuce zagayen rukuni. Sai ga Hoopers ta je Dakar ta zo ta ɗaya a rukunin Sahara, ta wuce zuwa Kigali, babban birnin Ruwanda, ta fitar da US Monastir ta Tunisiya, mai kofin 2022. Da na ga haka na ce ba a waya zan kalli sauran ba.

Daga Zariya muka shiga mota zuwa Rigasa, jirgin ƙasa ya kai mu Abuja, daga nan muka tashi. Biza ba ta ba mu wahala ba, domin ɗan ƙasar da ke cikin Tarayyar Afirka a filin jirgi ake buga masa hatimin kwana 30 kyauta. Leda ce kawai aka gargaɗe mu a kanta tun a gida, don tun 2008 aka haramta ta a ƙasar. Agogonsu ya riga namu da awa ɗaya.

Kigali gari ne na tudu da kwari. Ba ka tafiyar minti biyar ba ka hau ko ka gangara ba, ga sanyin safiya mai ratsa riga saboda garin yana sama da teku da kimanin mita 1,500. Abin da ya fara ba ɗan yayana dariya 'yan acaɓa ne. Kowannensu da riga mai lamba, da hular kwano biyu, ɗaya tasa ɗaya ta fasinja, kuma mutum ɗaya tak yake ɗauka. Ya tsayar da ɗaya ya ce mu hau tare, mutumin ya dube mu kamar mun ce ya saci akuya. "Baffa, ashe a nan doka da gaske ake yin ta," in ji yaron, yana ƙoƙarin cusa kansa cikin hular.

Filin wasan, BK Arena, yana unguwar Remera, gefen filin ƙwallon ƙafa na Amahoro wanda a lokacin ake ƙarasa sabunta shi. A 2019 aka buɗe shi, kamfanin Summa na Turkiyya ne ya gina, yana cin mutum 10,000. A waya muka sayi tikiti, a ƙofa aka haska lambar, aka caje mu, muka shiga muka tarar da kujerarmu babu kowa a kai. Na daɗe ina kallon daɓen katakon nan mai sheƙi da manyan allunan da ke rataye a sama. A wannan ɗakin ne 'yan matanmu na D'Tigress suka doke Senegal a 2023 suka ɗauki kofin Afirka karo na huɗu a jere, ƙarƙashin Rena Wakama. Wato 'yan Najeriya sun saba cin kofi a nan. Irin ɗakin ne dai babu a gida.

Ranar Laraba 29 ga Mayu aka yi wasan kusa da na ƙarshe, Hoopers da Al Ahly ta Bengazi a Libiya. Ƙungiyar masu masaukin baƙi, APR, tun a Dakar aka fitar da ita, don haka 'yan kallon Ruwanda kowa ya zaɓi inda zai karkata, kuma a ɓangaren da muka zauna yawancinsu namu suke yi. Akwai 'yan Najeriya mazauna garin, ɗalibai da 'yan kasuwa, da tutoci a kafaɗa. Ga kiɗan Legas yana tashi duk lokacin da aka tsaya hutu.

Matsalarmu a daren nan mutum ɗaya ce, Jo Lual-Acuil, ɗan asalin Sudan ta Kudu da ya tashi a Ostareliya. Ya haura mita biyu da kyau, siriri, hannuwansa kamar ba sa ƙarewa. Daga inda nake ina ganin yadda 'yan wasanmu ke kutsawa ƙarƙashin kwando, su ɗaga kai su gan shi, su fasa jifa su mayar da ƙwallo waje. Wannan fasawar ba ta shiga lissafin kowa, amma ita ke cin wasa. Duk da haka Will Perry da Kelvin Amayo da Devine Eke ba su saki ba, aka yi ta ja-in-ja har lokaci ya cika ana kunnen doki. A ƙarin minti biyar ɗin ne ƙarfinmu ya ƙare. Aka tashi 89 da 83. Ɗan yayana bai ce uffan ba har muka isa masauki, abincin dare ma ƙin ci ya yi.

Washegari babu wasa, sai muka je Gisozi, wurin tunawa da kisan ƙare dangi na 1994, wanda a shekarar ake cika shekara 30 da yin sa. Mutum sama da 250,000 ne aka binne a wurin. Akwai ɗakin da aka jera hotunan ƙananan yara, a ƙarƙashin kowane an rubuta abincin da ya fi so da yadda aka kashe shi. Ban iya ƙarasa ɗakin ba. Na fita na zauna a lambu ina tuna Kaduna ta 2000 da Zangon Kataf da Jos, da irin maganganun da ake yi a majalisa kafin a fara irin wannan abu.

Ba na so in dawo in ce muku aljannar duniya na je. Tsaftar gaskiya ce, tsarin ma gaskiya ne, amma mutanen ba sa sakin baki. Direban da zai ba ka labarin ƙwallo na awa guda, da ka taɓo siyasa sai ya ƙara ƙarar rediyo. Gasar kanta ba ta tsira ba. A watan Maris na 2024, ƙungiyar Dynamo ta Burundi ta rufe tambarin Visit Rwanda, na tallata yawon buɗe ido a Ruwanda, da ke jikin rigarta saboda rikicin da ke tsakanin ƙasashen biyu, ƙarshenta ta bar gasar tun a wasannin rukuni a Pretoriya ta Afirka ta Kudu. Masu suka na cewa gwamnatin Paul Kagame da wasanni take wanke sunanta. Ina ganin akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai ni da na fito daga inda ake ware kuɗin gyaran fili shekara da shekaru ba a ga fenti ba, na kasa raina wanda ya ce zai gina ya kuma gina.

Ranar Juma'a muka nufi Nyamirambo, unguwar Musulmin garin, kuma nan ne na fara jin kamar ina gida. Hayaniya, teloli, masu gyaran waya, ƙamshin tsire. Muka yi salla a masallacin cibiyar Musulunci da Libiya ta gina, wadda har yau mutanen unguwar da sunan Gaddafi suke kiran ta. A sahu na hango wasu Larabawa da jajayen riguna na Al Ahly. Bayan sallama ɗaya ya ga koriyar hular yaron, ya miƙo hannu yana murmushi ya ce, "Najeriya? Ma'alesh." Muka gaisa, ba yadda za mu yi. Daga nan muka gangara Biryogo, inda aka hana motoci bin wasu tituna aka shafe su da fenti kala-kala aka jera kujeru. Muka sha shayi mai citta da capati, na kuma gwada ikivuguto, kindirmonsu mai kauri da ake sayarwa a shagunan madara. Wani man barkono da suke kira Akabanga, a 'yar kwalba kamar ta maganin ido, shi ya sa ɗan yayana hawaye, don ya ɗauka yajin gida ne ya zuba da yawa.

Da yamma Hoopers ta huce haushinta a kan Cape Town Tigers ta Afirka ta Kudu, 80 da 57, ta zo ta uku. Kocinta Ogoh Odaudu shi aka ba kyautar gwarzon masu horarwa na shekarar. Wanda bai san halin da ake ciki ba zai ce ta uku ai ba komai ba ne. Ku tuna cewa tun 2017 hukumar kwando ta Najeriya ta dare gida biyu, ɓangaren Tijjani Umar da na Musa Kida, gasar cikin gida ta yi ta tsayawa, har a 2022 gwamnati ta janye ƙasar daga wasannin duniya, abin da ya sa D'Tigress ta rasa gurbinta a gasar cin kofin duniya duk da an janye matakin daga baya. Ƙungiyoyi irin Kano Pillars da Gombe Bulls, da suka saba fita Afirka, a wannan rigimar suka yi ta asarar shekaru. Daga cikin wannan ne Hoopers ta fito ta tsaya gaban ƙungiyoyin da ke buga gasa mai tsari duk shekara.

Da muka fito daga wasan ne wani ɗan Najeriya da muka saba da shi a ciki ya nuna mana wani gini da ake yi kusa da filin, an kewaye shi da kwano. Ya ce, "Malam, ba daga Zariya ka ce kake ba? To ga garinku nan." Zaria Court ke nan, otal da filayen wasa da shaguna, aikin Masai Ujiri. Masai a Zariya ya tashi, a hannun OBJ ɗin nan ya koyi kwando, ya zama shugaban Toronto Raptors da ta ci kofin NBA a 2019. Da ya tashi gina wurin da zai sa wa sunan garin da ya rene shi, a Kigali ya aza harsashi a 2023. Na tsaya ina kallon ƙarafan, farin ciki da takaici suka haɗu mini. Ɗan yayana ya ce, "Baffa, me ya hana shi yi a gida?" Na ce masa ya tambayi kansa, da shi ne mai kuɗin, wa zai ba shi fili ba tare da an nemi kaso ba, wa zai ba shi wuta, wa zai tabbatar masa gwamnan da zai zo ba zai soke takardar ba.

Asabar 1 ga Yuni aka yi wasan ƙarshe, Petro de Luanda ta Angola da Al Ahly ɗin da ta fitar da mu. Ba sai na faɗi wa muke goyon baya ba. Kofuna ukun farko duk arewacin Afirka suka tafi, Zamalek a 2021, Monastir a 2022, Al Ahly ta Masar a 2023, ita kuwa Petro ta taɓa zuwa wasan ƙarshe a 2022 ta faɗi. Libiyawa suka fara da zafi, har na fara cewa yau ma haka za a yi. Amma Angola ƙasar kwando ce, kofin Afirka 11 take da shi a lokacin, 'yan wasanta sun daɗe tare, ba sa ruɗewa. Idona yana kan Childe Dundão, wanda tsawonsa bai kai mita 1.70 ba. In ya tsaya kusa da Lual-Acuil da kyar yake kai masa ƙirji, amma shi ke raba ƙwallo, shi ke bin ƙafar dogaye yana takura musu. A zubin ƙarshe Petro ta ɓalle da jifa mai maki uku, ɗaya bayan ɗaya, ɗakin ya ɗauki ihu. Aka tashi 107 da 94. Tsohon kyaftin ɗinsu Carlos Morais, yana da shekara 38, ya samu kofin da ya daɗe yana nema. Lual-Acuil aka ba gwarzon ɗan wasan gasar, ya karɓa fuska ba walwala.

Mun fito, 'yan Angola na rawa a bakin titi, 'yan acaɓa sun yi layi kowa riƙe da hular fasinja. Ɗan yayana ya riga ya fara lissafin kuɗin zuwa na baɗi. Bai sani ba a Pretoriya za a yi wasan ƙarshe na 2025, inda wata ƙungiyar Libiyar, Al Ahli ta Tarabulus, ta ƙwace kofin daga hannun Petro, kuma bizar Afirka ta Kudu ba a filin jirgi ake buga wa ɗan Najeriya ita ba.