Sule da kobo a aji biyar

An mayar da ni wata firamare a bayan gari, ƙarshen zangon nan zan miƙa rajistar aji biyar. Abokan aiki sun san daga inda maganar ta taso, daga darasin lambobi masu ɗigo ne, don haka gara in faɗi nawa ɓangaren.

Duk malamin lissafi ya san abin da ke faruwa idan ya rubuta 0.5 da 0.125 a allo ya ce wacce ta fi girma. Kusan ajin gaba ɗaya zai ce 0.125. Ba daƙiƙanci ba ne. Tun aji ɗaya muke koya musu cewa lamba mai tsawo ita ce babba, 125 ta fi 5, kuma gaskiya muka gaya musu. Rana tsaka sai mu kawo ɗigo, dokar ta daina aiki, ba wanda ya faɗa musu dalili. Bakin malami ma yana ƙara dagula lissafin idan ya karanta 0.125 da "sifili ɗigo ɗari da ashirin da biyar". Yaron da ya ji ɗari ya riga ya yanke hukunci. Akwai kuma wasu 'yan kaɗan, galibi masu ƙoƙari, da ke faɗawa ɗaya ramin: sun gane cewa ɗaya bisa ɗari bai kai ɗaya bisa goma ba, sai su ɗauka duk lambar da ta yi tsawo ƙarama ce, su ce 0.3 ta fi 0.45. Kaye Stacey da Vicki Steinle na Jami'ar Melbourne a Ostareliya sun gwada dubban ɗalibai, suka iske waɗannan kurakurai biyu a can ma. Ashe ba ciwon yaranmu kaɗai ba ne.

Ni da kuɗi na bi da su. Yaran yanzu ba su taɓa riƙe kobo ba, amma kakanninsu har yau suna ambaton sule. Ranar 1 ga Janairu 1973 Najeriya ta bar fam da sule ta koma naira da kobo. Fam ɗaya ya zama naira biyu, ke nan naira ɗaya sule goma ce, sule ɗaya kuma kobo goma. Gurbin farko bayan ɗigo na sule ne, na biyu na kobo. Na ce kowa ya je gida ya tambayi kakarsa me sule ke saye a da, suka dawo da labarai baki har kunne. Muka tara murafen kwalaben lemo suka zama kobo, muka yayyanka kwali ya zama sule. Daga nan 0.5 ta koma sule biyar, 0.45 ta koma sule huɗu da kobo biyar, ba wanda ya sake cewa ta biyun ta fi. Ko mai tallan gyaɗa ba za ta yarda a cuce ta haka ba. Gurbi na uku kuɗi bai kai can ba, sai na aro tef wajen telan unguwa. Muka nemo 0.125 na mita, santimita 12 da rabi, ko taki ɗaya bai cika ba. Muka nemo 0.5, santimita 50, tsawon hannun yaro. Suka gani da idonsu.

Abin yana cin lokaci, wannan ban musa ba. Muna cikin haka wata safiya hedimasta ya tsaya a taga, ya daɗe yana kallo, sannan ya shigo. Ya dubi murafe a kan benci, ya ji ana Hausa. A gaban yara ya ce, "Malam, kasuwa ka buɗe mana?" Ya karɓi alli daga hannuna, ya rubuta 0.500 a kan 0.125, ya ce a cika da sifili har tsawo ya zo ɗaya, a kwatanta, magana ta ƙare. Ya ƙara da cewa daga aji huɗu da Turanci ake koyarwa, kuma jarrabawar shiga sakandare ba ta tambayar sule. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zuwa ƙarshen mako." Bai ko waiwayo ba. Kafin a tashi takardar tuhuma ta iso, wai na bar tsarin darussan zango a baya.

Dabararsa ba kuskure ba ce a lissafi, ni ma nakan koyar da ita daga ƙarshe, bayan yaro ya san cewa sule biyar da kobo hamsin abu ɗaya ne. Amma idan aka ba shi ita tun farko, bai san me ya sa sifilin dama ba ya canja komai ba, na hagu kuwa yana canjawa. Mako bai zagayo ba na fara ganin 0.5 ta zama 0.005 a littattafai, ai an ce a cika da sifili. Da na ce su ba ni lamba tsakanin 0.4 da 0.5, yawancinsu suka ce babu, kamar yadda babu komai tsakanin 4 da 5 a ƙirgen yatsu. Takardar ba ta dame ni kamar yadda na ga yara suna tura murafensu ƙarƙashin benci cikin kunya ba, sun ɗauka laifi muke yi. Shugaba yana da ikon gyara malami, amma ofis aka yi domin haka. Wanda ya ƙwace alli a gaban aji ya ƙwace fiye da alli, kuma har yau bai ga abin da ya yi ba.

Waɗanda suka so muka ci gaba da zama da su lokacin tara, a gindin darbejiya. A nan wata yarinya mai zama a bayan aji, wadda ba ta cika magana ba, ta ce tsakanin sule huɗu da sule biyar akwai kobo tara, ta jero su daga 0.41 zuwa 0.49. Ta yi shiru, sannan ta tambaya, "Malam, in za a iya fasa kobo gida goma fa, ai a tsakaninsu ma akwai wasu ko?" Ba wanda ya koya mata wannan. Ita ta kai kanta.

Sauran abin da na koya ba shi da yawa. A karanta lambobin bayan ɗigo ɗai-ɗai, ɗaya, biyu, biyar. A jera ɗigo a kan ɗigo, a fara kwatantawa daga hagu. Duk wata sabuwar dabara a rubuta ta a littafin shirin darasi, shugaba ya sa hannu kafin a shiga aji da ita.

Kuma kada a gwada yara da tambaya iri ɗaya. A ba su 0.5 da 0.125, a ba su 0.3 da 0.45 a takarda guda. Wanda ya ci ta farko ya faɗi ta biyu yana ɗauka gajeriya ce babba, wanda ya ci ta biyu ya faɗi ta farko tsawo yake bi, kuma maganin kowannensu daban ne.