Inda na kwana a farautar ɓarawon datar gidanmu

Ƴan uwa masu koyo, sati uku ke nan ina fama da wannan abu, bari in ba ku labarin inda aka kwana. Gig 60 nake sawa a rauta, wato na'urar da ke raba mana wifi, duk wata, da can har ragowa take yi, sai kawai ta koma ƙarewa a kwana 18, kuma abin haushi da dare take tafiya lokacin kowa ya yi barci, tunda rautar a kan sola take ba ta mutuwa.

Farko maƙwabta na zarga, Allah ya yafe min. Na canza fasawod, washegari na duba, gig ɗaya da rabi ta sake tafiya.

Sai na shiga shafin rautar, adireshin tawa 192.168.8.1 ne, wasu 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ku duba takardar da ke manne a ƙasanta. Na tarar da na'ura 9 a haɗe alhali ni 7 na sani. Nan na koyi cewa haruffa shida na farkon lambar MAC, wato lambar shaidar da kowace na'ura ke hawa wifi da ita, suna nuna kamfanin da ya ƙera abu, na yi ta bincikawa, guda uku suka ƙi fitowa, har gabana ya faɗi. Ashe tun daga Android 10 da iOS 14 wayoyi suna ƙirƙiro lambar MAC ta bogi ga kowane wifi don kar a bi sawunsu. Ukun nan dai wayar Hajiya ce da ta ƙanina da tsohuwar wayata da yara ke wasa da ita.

Wireshark kuwa, wata manhajar leƙen saƙonnin da ke yawo tsakanin na'urori, ya cinye min kwana huɗu a banza, kuma laifina ne. Na sa shi a laftof ina zaton zan ga duk abin da ke yawo a gidan, ashe abin laftof ɗin kawai yake gani sai kuma saƙonnin da ake watsa wa kowa. Na ga 239.255.255.250 da 224.0.0.251 suna ta maimaituwa na ce yauwa na kama shi, to ba komai ba ne, SSDP ne da mDNS, na'urori ne ke sallama da junansu a cikin gida, ko ƙofar waje ba sa kaiwa balle su taɓa data.

Abin da ya buɗe min ido shi ne wata manhaja mai suna Pi-hole da na ɗora a kan wani tsohon Raspberry Pi na aro (ƴar ƙaramar kwamfuta ce), na mayar da shi DNS na gidan, wato wanda kowace na'ura ke tambaya adireshin shafin da take nema. Ba ya faɗa maka yawan data, sunayen da kowace na'ura ke nema kawai yake rubutawa, amma hakan ma ya isa. Ƙarfe 2 na dare wayoyi suka ɗan motsa, lokacin ajiyar WhatsApp ke nan, suka yi shiru. Guda ɗaya ce ba ta huta ba har asuba, tana ta neman wani adireshi da ban taɓa ji ba. Kyamarar bakin get ce, irin mai arhar nan da ko suna babu a jikin kwalinta.

Don kar in sake zargin banza na koma hanyar gargajiya, na rubuta adadin datar da rauta ta nuna ƙarfe 11 na dare, na zare kyamarar, da safe abin da ya tafi bai kai mega 200 ba. Da na buɗe manhajar kyamarar sai na ga ajiyar bidiyo ta intanet a kunne take, ga fitilar get tana tara ƙwari, duk ƙwaron da ya gifta sai ta ɗauka motsi ne ta tura bidiyo. Datata ta tafi a kallon fara da cinnaka.

Na kashe wannan, na sa mata memori. Amma har yanzu tana neman adireshin nan duk bayan ɗan lokaci, shi ya sa nake so in sa laftof a tsakaninta da rauta, in buɗe mata hotspot daga laftof ɗin don Wireshark ya ga komai nata. Wanda ya taɓa gwada haka a Windows ya faɗa min ko kyamarar za ta yarda ta hau, don 2.4GHz kawai take ji.