Darussa daga zanen Ɓataccen Ɗa na Rembrandt

Kuskuren da ɗaliban tarihin zane suka fi yawan yi shi ne saurin raɗa wa hoto suna. Da zarar an ɗora musu zanen komowar ɓataccen ɗa na Rembrandt, mai zane ɗan ƙasar Holland, sai ka ji "gafara" ko "tuba", shi ke nan an rufe magana. Amsar ba laifi, amma daga labarin Linjila da suka riga suka sani ta fito, na ƙaramin ɗa da ya karɓi rabon gadonsa ya ɓarnatar, ya dawo a tsiyace uban ya karɓe shi; idonsu bai yi aikin komai ba tukuna. Shi ya sa darasin farko shi ne a yi minti goma ana faɗin abin da ke jikin zanen kawai: wa ke tsaye, wa ke durƙushe, ina haske ya sauka.

Rembrandt ya yi wannan aiki a ƙarshen rayuwarsa, kafin rasuwarsa a Amsterdam a 1669. Zanen yana rataye a gidan tarihi na Hermitage da ke Rasha, tsayinsa santimita 262, faɗinsa wajen 205. Girman nan yana da muhimmanci. Mutanen ciki kusan girman mutum ne, kuma mai kallo yana tsaye ne a bayan ɗan da ya durƙusa, tafin ƙafafunsa na fuskantarsa. A allon waya wannan duk ya tafi, mutanen da ke cikin duhu a baya ma sai su ɓace ɗungurungum.

To a dubi ƙafafun. Takalmin hagu ya suɓuce yana gefe, tafin ƙafar a waje. Na dama yana nan, amma ya cinye har diddige ya fito. Kan yaron a aske, rigarsa tsumma, sai 'yar gajerar takobi a ƙugunsa ta dama, kusan ita kaɗai ta rage daga zamanin wadata. Fuskarsa kuwa da ƙyar ake ganin gefenta, ya kwantar da ita a jikin uban. Wato mai zanen ya ɗauke wahalar daga fuska ya zuba ta a ƙafa da baya. Wanda ya saba neman yanayi a ido da baki kaɗai zai wuce ta bai gani ba.

Sai hannayen tsohon, inda hasken ya fi taruwa. Na hagu, a kafaɗar ɗan, mai faɗi ne, yatsu a buɗe, kamar yana riƙo. Na dama ya fi siriri, an ɗora shi a hankali a tsakiyar baya. Da yawa suna fassara su da hannun uba da hannun uwa. Fassara ce mai daɗi, ido kuma ya yarda da bambancin, sai dai a riƙa faɗinta a matsayin fahimtar mai kallo, kada a sa wa Rembrandt ita a baki.

Bayan haka ne ake buɗe Linjila, Luka sura 15, aya 11 zuwa 32, a gwada. A can uban ya hango ɗansa daga nesa ya sheƙa da gudu, aka kawo riga mafi kyau da zobe da takalma, aka yanka maraƙi. Ba ko ɗaya a zanen. An zaɓi lokacin da gudu ya ƙare, biki bai fara ba, ba wanda ya buɗe baki. Daga nan shirun hoton ya samo asali. Rembrandt da kansa ya taɓa sassaƙa wannan haɗuwa a farantin tagulla a 1636, kuma a can komai motsi ne: uba ya ranƙwafo, ɗa ya ɗaga fuska a galabaice, masu hidima na sauko da tufafi. A jera biyun kusa da juna, a ga abin da shekara talatin ta rage.

Akwai kuma abin da ya ƙara. Mutumin da ke tsaye a dama, da jan mayafi irin na uban, hannu ɗaya bisa ɗaya a kan sanda, galibi ana ɗaukarsa babban wan ne, alhali a nassin yana gona lokacin da ƙanen ya iso. Haske ya taɓa fuskarsa, amma tsakaninsa da su akwai fili mai duhu. Fushi ne, ko tunani, ko bai yanke shawara ba? Fuskar ba ta nuna ba, kuma bai kamata mai sharhi ya yanke masa ba.

Tarko na ƙarshe tarihin mai zanen ne. Arzikinsa ya karye a 1656, matarsa Saskia ta rasu a 1642, ɗansa Titus a 1668, tun wajen 1635 ma ya zana kansa a matsayin wannan ɗa cikin shagali a mashaya. Duk gaskiya ne, amma idan aka fara da su sai kowane duhu a hoton ya zama baƙin cikinsa. A ajiye su sai an gama da ƙafa, hannu da haske, sannan a kawo su a ga ko sun ƙara wani abu.