Lemun tsami, sukari da ƙanƙara: yadda nake haɗa lemon drop a Jos

Ranar da muke da aikin biki, ƙarfe shida na safe ta same ni a kasuwa ina taɓa lemu. Mai lemun da nake saya a wurinsa ya saba da ni, da ya hango ni sai ya ture kwandon gabana ya ce, "Madam, zaɓi da kanki, na san ba ki yarda da hannun kowa." Ina ɗaukar kowane ɗaya in auna nauyinsa a tafin hannu. Wanda ya yi nauyi fiye da girmansa, fatarsa sumul kuma siririya, ya ɗan lotsa idan na danna shi da babban yatsa, shi ne mai ruwa. Mai kaurin ɓawo da ƙuraje-ƙuraje yana da kyan gani a faranti, amma in ka yanka shi farin da ke ƙarƙashin ɓawon ne ya fi yawa.

Sana'ata haɗa abin sha a wuraren biki da taro. Mu huɗu ne: ni, da yara maza biyu masu ɗaukar kaya da girgiza, da yarinya ɗaya mai kula da kofuna. Da zoɓo na fara, sai kunun aya da ruwan citta, kuma har gobe su ne ke biyan kuɗin haya. Amma wata Disamba, lokacin da 'yan Jos mazauna Legas da Abuja ke dawowa gida Kirsimeti, wata amarya ta tambaye ni ko zan iya yi wa ƙawayenta lemon drop, wato haɗin giyar bodka da ruwan lemun tsami da sukari. Na ce mata ta ba ni mako biyu.

Wurin wani dattijo na je, ɗan cocinmu, wanda ya yi shekaru yana haɗa giya a wani otal a Abuja kafin ya yi ritaya. Baba ya zaunar da ni a barandarsa, ya aiki jikansa ya sayo lemun tsami, ya ce, "'Yata, abu uku ne kawai a ciki, shi ya sa ba ki da wurin ɓuya. In ɗaya ya karkace kowa zai ji." Daga bakinsa na fara jin asalin abin. A birnin San Francisco na Amurka aka ƙirƙiro shi a shekarun 1970, a wata mashaya mai suna Henry Africa's ta wani mutum Norman Jay Hobday, aka kuma raɗa masa sunan wata alewar lemu mai zaƙi da tsami. Da farko a kofi mai doguwar ƙafa ake ba da shi, daga baya aka rage shi ya koma kurɓi ɗaya a ɗan ƙaramin kofin gilashi, wanda masu sha ke ce wa shot.

Ga ma'aunin da nake aiki da shi, kuma ba ya bukatar kayan otal. Babban cokalin cin abinci yana ɗaukar wajen mililita 15. Na mutum ɗaya, cokali biyu na bodka, cokali ɗaya na ruwan lemun tsami, sai ruwan sukari cokali ɗaya da bai cika baki ba, kamar mililita 10 zuwa 12. In mutum huɗu ne, bodka 120, lemu 60, ruwan sukari 45. Masu son ƙamshin lemun zaƙi sukan rage bodka su sa ɗan triple sec, giyar ɓawon lemu ta Faransa wadda Cointreau ya fi suna a cikinta. In ka sa shi sai ka rage sukari, domin shi ma da zaƙinsa yake tafe. Ni a biki ban cika sa shi ba, tsadarsa ta fi amfaninsa a abin da za a haɗiye cikin daƙiƙa biyu.

Ruwan sukari shi ne inda masu gwadawa a gida suka fi yin kuskure. Sukan zuba garin sukari kai tsaye cikin ruwan sanyi, ya ƙi narkewa, ya kwanta a gindi, sama tsami ƙasa yashi. Kofi ɗaya na sukari da kofi ɗaya na ruwa za ka ɗora a wuta kaɗan, kana juyawa har ruwan ya washe, ka sauke tun bai tafasa sosai ba, ya huce, ka zuba a kwalba mai tsabta. A firiji yana yin makonni. Nawa kuwa da ɗan ƙarin aiki. Da daddare nakan fere ɓawon lemun sama-sama, launin kawai, ban taɓa farin ba, in cakuɗa shi da busasshen sukarin in rufe har safe. Sukarin yana tsotso man da ke cikin ɓawon, da safe sai ka tarar ya jiƙe ya yi danƙo, ƙamshi ya cika ɗaki. Da wannan sukarin nake dafa ruwan. Tsohuwar dabara ce ta masu haɗa abin sha a Ingila tun ɗaruruwan shekaru, kuma ita ce ke sa mutane su dawo teburina su ce nawa ba irin na wasu ba ne.

Sai maganar lemun kansa, wadda zan iya kwana ina yi. Ainihin lemon drop da babban lemun tsami mai ɓawo rawaya ake yin sa, wanda 'yan kasuwa ke kira lemon. Namu ƙaramin lemun tsami kore, na shayi da miyar kuɓewa da wanke kifi, ya fi shi kaifi, kuma yana da ɗan ɗaci a ƙarshen harshe. Ba laifi ba ne a yi da shi, ni ma in lemon ya yi tsada ko ya ɓace a kasuwa da shi nake yi, sai dai in cika cokalin sukari har baki, wani lokaci in matsa rabin lemun zaƙi na Binuwai a ciki ya tausasa shi. Babban lemon ɗaya yana ba da cokali biyu zuwa uku na ruwa, ƙaramin namu da ƙyar yake cika ɗaya. Kafin yanka, ka mirgina shi a kan tebur da tafin hannu. In kana matsewa kada ka murɗe shi har ka kai ga farin, kuma ka tace 'ya'yan da rariya tun ba su fashe ba, domin a nan ɗaci yake.

Na koyi darajar lokaci da tsada. A aikina na uku, bikin mutum ɗari biyu ne a unguwar Rayfield, na ga ba zan iya matse lemu da safe ba, sai na matse duka tun daren jajibiri na sa a firiji. Cikin dare aka ɗauke wuta. Da la'asar da na ɗanɗana, tsamin ya mutu, wani ɗaci mai kama da na magani ya taso. Ruwan lemu haka yake, da zarar ya fita daga ɓawonsa ya haɗu da iska sai ya fara juyawa. Na zubar da shi duka, na tura yaro a guje kasuwa, muka zauna mu uku a bayan rumfa muna matsa har yatsunmu suka yi fari suna zafi. Ribar ranar ta tafi a kwata. Tun daga nan ba na matse lemu fiye da awa huɗu kafin a sha, kuma ruwan lemu na kwalba da ake sayarwa a kanti bai taɓa hawa teburina ba.

Wanda ba shi da gwangwanin girgizawa ya nemi kwalba mai faɗin baki da murfi mai ɗaurewa. A zuba abubuwan uku, a cika ƙanƙara har kashi biyu cikin uku, a rufe, a girgiza da ƙarfi na daƙiƙa 12 zuwa 15, har kwalbar ta yi raɓa hannu ya fara jin zafin sanyi. Girgizar tana sanyaya shi, tana kuma narkar da ɗan ruwa a ciki wanda ke karya kaifin barasar, sannan ta shigar da iska ya yi haske-haske. Daga nan a tace cikin ƙananan kofuna, a sha nan take. Ƙanƙarar da ta fara jiƙewa tana tsinka shi, shi ya sa nake sayen manyan dunƙule daga mai ruwan da na yarda da tsabtarsa, in adana a kula cikin buhu, in fasa kaɗan-kaɗan. Kwalbar bodka kuwa tana iya kwana a firiza ba ta daskare ba, barasa kashi 40 cikin ɗari ta fi ƙarfin sanyin firizar gida.

Sukarin bakin kofi ado ne mai aiki. Ka goga yankakken lemu a gefen bakin ta waje, ka mirgina shi a farantin sukari, ka ajiye minti goma ya bushe. Rabin baki nake yi wa, don wanda ba ya son zaƙi ya juya ɗaya gefen. Akwai masu yin sa ta wata hanya, su haɗiye bodka mai sanyi zalla sannan su ciji yankin lemon da aka barbaɗa wa sukari. Samari sun fi son wannan. Ni ina ganin haɗaɗɗen ya fi mutunci a baki.

Kan bodka ba na kashe kuɗi don suna. Giya ce da aka tace don kada ta yi ɗanɗanon komai, sunanta ma daga kalmar ruwa ya samo asali a harsunan Rasha da Folan, kuma lemu da sukari za su rufe bambancin da ke tsakanin mai tsada da matsakaiciya. Abin da ba na sassauci a kai shi ne inda ta fito. Wurin dila ɗaya nake saya, ina duba hatimin murfi, ina duba lambar NAFDAC, kuma duk kwalbar da arharta ta wuce hankali ba na taɓa ta. A 2015 mutane da dama sun mutu a Ode-Irele ta jihar Ondo da kuma jihar Ribas bayan sun sha ogogoro mai gubar metanol, wasu sun makance kafin su cika. Gubar nan ba ta da wani wari ko ɗanɗano da zai bambanta ta a cikin lemu da sukari. In mun gama aiki ina fasa murafen kwalaben da suka ƙare kafin in zubar, don kada wani ya tsince su ya ɗura wani abu ya sayar.

Abin da ya fi damuna da wannan haɗi shi ne daɗinsa. Burkutu ko giyar kwalba suna gaya wa mai sha abin da yake sha, wannan kuwa kamar alewa yake wucewa. Kowane kurɓi na ma'aunina yana da tsantsar barasa mililita 12. Babbar kwalbar giya mai mililita 600, mai kashi 5 cikin ɗari, tana da 30. Ke nan kurɓi biyu da rabi sun kai kwalba guda, amma ita kwalbar ana ɗaukar rabin awa ana hira a kanta, su kuwa minti biyu sun isa. Na sha ganin yarinyar da ba ta saba sha ba ta haɗiye uku a jere tana dariya, bayan minti ashirin ƙawaye na riƙe da ita. Don haka kwalba mai mililita 750 kurɓi 25 take ba ni, ba na ƙara hannu ko an roƙa. Ba ma fitar da shi sai an ci abinci. Yarana sun san fuskar da ta dawo karo na uku, ruwa ake miƙa mata. Wanda bai kai 18 ba, da mai juna biyu, da wanda na ga makullin mota a hannunsa, ina ce masa, "Oga, yi haƙuri, ga na citta." Wasu sun yi fushi, wani ma ya kai ƙarata wurin ango. Angon ya sake kirana bikin ƙanwarsa.

Jos gari ne da biki ɗaya kan tara Kirista da Musulmi a rumfa ɗaya, kuma fiye da rabin ayyukana babu barasa a cikinsu sam. Inda aka gauraya, tebur biyu nake kafawa nesa da juna. Kayan teburin da ba barasa daban suke tun daga gida: gwangwaninsu, cokulansu, rariyarsu da kofunansu duk da jan zare a ɗaure, a bahonsu ake wanke su, kuma yaron da ke tsaye a can ba ya taɓa ɗaya teburin har a tashi. Wata Hajiya, uwar ƙawar amarya, ta taɓa tsayawa ta tambaye ni dalla-dalla kafin ta bar 'ya'yanta su karɓa. Na buɗe mata akwatin kayan ta gani da idonta. Na ji daɗin tambayar, domin haƙƙinta ne ta sani.

Na wancan teburin ma ba na yi masa riƙon sakainar kashi. In ka cire bodka kawai ka sa ruwa, lemun kwalba ka yi. Abin da barasa ke bayarwa shi ne ɗan zafin nan a maƙogwaro, sai na maye gurbinsa da ruwan ɗanyar citta da aka daka aka tace, cokali ɗaya, da cokali ɗaya na ruwan sanyi, lemu da ruwan sukari kuma yadda suke. Girgiza iri ɗaya, sukarin baki iri ɗaya. Lokacin hunturu, da sanyin Jos ke shiga ƙashi da yamma, nakan jefa kanumfari biyu a ruwan sukarin tun yana wuta. Hajiyar nan ta sha biyu, ta karɓi lambata, kuma da azumi ya zo ni na kai musu lita biyar na buɗa-baki sau uku a mako, a kwalabe masu jan zare a wuya.